Yadda Ake Gyara Kamun Rediyon Gida Idan Tasha Ba Ta Fita Sosai

Rediyon da yake shuu, ko murya ta riƙa zuwa tana komawa, ko wani ƙugi ya danne magana, ba lallai ne ya lalace ba. Galibi akwatin lafiyarsa ƙalau. Matsalar takan fito daga ɗaya cikin abubuwa uku: ko siginar tashar ba ta isowa da ƙarfi, ko wani kayan wuta a gidan yana watsa hayaniyar da ke rufe ta, ko kuma wutar da rediyon yake ci ta yi rauni. Kowanne da nasa magani, kuma na wannan ba ya yi wa wancan. Wanda ya ɗaura doguwar waya a rediyon da caja ce ke damunsa, hayaniyar kawai zai ƙara jawowa. Saboda haka kafin a taɓa eriya, sai an gano ciwon.

Saurari irin ƙarar tukuna

Kamo tashar da ke ba ka wahala, ka rage murya kaɗan, ka kasa kunne. Shuu mai laushi wanda ba ya hawa ba ya sauka, murya tana can ƙasa a cikinsa, alamar raunin sigina ce, kuma aikin eriya ne da wurin ajiya. Ƙara mai kaushi, zzz ko ƙarrr, wadda kake tarar da ita a wurare da yawa idan kana murɗa neman tasha, ta kayan wuta ce. Ƙugi mai kauri da ba ya canzawa ko ka koma wata tasha, ta wayar soket yake shigowa. Ƙaraf-ƙaraf lokacin da ka taɓa maɓallin murya ko ka girgiza akwatin, datti ne ko wata waya ta saki a ciki. Muryar da ke tsagewa idan ka ƙure ƙara, ta kuma daidaita idan ka rage, batir ne ya gaji.

Akwai gwaji ɗaya da ke raba gardama. Cire rediyon daga soket, ka sa masa sabon batir, ka fita da shi fili, nesa da gini da wayoyin wuta kamar mita 10. Idan tashar ta fito tangaram, rediyon ba shi da laifi, gidan ne ko wutarsa. Idan ta ɗan gyaru amma har yanzu da shuu, tashar ce ke da nisa, sai a nemi eriya mai kyau. Idan babu abin da ya canza, kuma wani rediyon yana kama tashar a daidai wurin, to sai a koma kan akwatin kansa.

Batir da wutar soket

Batir na yau da kullum, babba ko ƙarami, bolt 1.5 ne, sabo yakan nuna kusan 1.6 a na'urar awo. Auna shi yayin da rediyon ke kunne, domin gajiyayyen batir yakan nuna ƙarfi idan ba ya ɗauke da kaya, da an kunna sai ya zube. Idan ya sauka zuwa wajen 1.1, canza shi. Canza duka lokaci guda, kada ka haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa kuma shi ne zai fara yoyo. Batir mai caji bolt 1.2 ne, don haka guda 4 suna ba da 4.8 a inda rediyon ke jiran 6. Wasu rediyoyin ba su damu ba, wasu kuwa kamunsu yakan ragu, musamman a FM da gajeren zango, kuma tasha ta riƙa zamewa kana bin ta da murɗi.

Leƙa gidan batir. Farin gari ko kore a kan ƙarfen yana hana wuta wucewa sosai. Idan batir alkalin ne ya yi yoyo, goge wurin da auduga da aka ɗan jiƙa da ruwan lemun tsami, ka bar shi ya bushe sarai, sannan ka kankare ƙarfen da samfefa mai laushi har ya yi ƙyalli. Sifirin da ya kwanta a ɗan ja shi domin ya matse batir.

Idan da adafta rediyon ke aiki, duba abu uku a jikinta: bolt ɗinta ya zo daidai da wanda aka rubuta a rediyon, ƙarfinta bai gaza abin da yake buƙata ba, kuma alamar tarawa da ɗebewa ta bakin fulogin ta dace. Bayan wannan sai nau'inta. Adafta marar nauyi, irin ta cajin waya, tana aiki ne ta hanyar datsa wuta sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma wannan datsawar ita kanta ƙaramar tashar hayaniya ce da ke shiga rediyo kai tsaye. Tsohuwar adafta mai nauyi, mai taransifoma a ciki, ta fi shiru nesa ba kusa ba. Duk mai sauraron matsakaicin zango ko gajeren zango da wutar soket, ita ya kamata ya nema.

Farautar hayaniya

Sa rediyon a batir, ka koma matsakaicin zango, wato inda aka rubuta MW ko AM, ka tsaya a wurin da babu tasha. A nan hayaniya ta fi bayyana. Kashe babban makunnin wutar gidan, har da inbata da na'urar cajin sola idan akwai. Idan ƙarar ta ɗauke, mai laifin yana cikin gida. Mayar da wuta, ka riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya har ƙarar ta dawo. Ko kuma ka zagaya da rediyon a hannu, ƙarar za ta riƙa ƙaruwa kana kusantar abin.

Waɗanda aka fi kamawa su ne ƙwan fitila na LED masu araha, cajar waya da ta kwamfuta, inbata, talabijin da dikodarsa, doguwar fitila mai farin haske, da na'urar rage gudun fanka ko hasken fitila. Caja tana iya yin ƙara ko babu waya a jikinta, muddin tana soket. Wayar hannu da aka ajiye kusa da rediyo takan sa wani dit-dit-dit kafin kira ya shigo.

Magani mafi sauƙi shi ne tazara, domin hayaniyar ƙananan kayan nan tana raguwa da sauri, mita 1 ko 2 kan isa. Ƙwan da ke ƙara a canza shi da wani kamfanin. Abin da ba ya matsuwa, kamar inbata, a sa wa wayarsa zoben ferait, wato baƙin dunƙulen nan da ake gani a jikin wasu wayoyin kwamfuta. Akwai mai buɗewa da ake maƙalawa. A sa shi dab da na'urar, kuma idan ramin ya isa a zagaya wayar ta cikinsa sau 3 ko 4, ya fi zagaye ɗaya aiki sosai. Idan kuwa ka kashe komai ƙarar tana nan, daga waje take, ko maƙwabta ko turken wuta mai tartsatsi. Turke ba naka ba ne, ka sanar da masu wutar. Ƙarar walƙiya a matsakaicin zango lokacin hadari ba ta da magani.

FM: tsayi da wurin ajiya

Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 da 108. Siginarsu kusan miƙe take tafiya, ba ta iya zagaye dutse ko lanƙwasar ƙasa sosai, shi ya sa tsayi ya fi komai tasiri. Rufin kwano, rodin da ke cikin kankare, da ƙarfen taga duk suna tare ta. Ɗora rediyon a sama, kusa da tagar da ke fuskantar inda tashar take, ka nisanta shi da firji da manyan ƙarafa.

Tsawon zangon FM, wato tsawon igiyar sigina guda ɗaya, kusan mita 3 ne. A cikin ɗaki sigina tana karo da bango tana dawowa ta haɗu da wadda ta zo kai tsaye, a wani wurin su ƙarfafa juna, a wani su kashe juna. Tsakanin wuri mai kyau da marar kyau bai wuce santimita 75 ba. Don haka matsar da rediyon taku ɗaya kan iya yin abin da sabuwar eriya ba ta yi ba. Matsar da shi a hankali, ka janye hannunka ka ja da baya kafin ka yanke hukunci, domin jikin mutum yana shiga lissafin. Idan tasha tana fita ne kawai lokacin da kake riƙe da eriya, jikinka ne ya zama eriyar, alamar cewa wadda ke jikin rediyon ta gaza ko ta saki.

Doguwar eriyar nan mai zugewa ba kullum ake zuge ta duka ba. Tsawon da ya fi dacewa shi ne rubu'in zango: raba 7500 da lambar tashar, abin da ya fito santimita ne. Tashar da ke kan 100 tana son 75, ta 88 tana son 85, ta 107 kuma 70. Bayan tsawo sai kwanciya. Gwada ta a tsaye, a karkace, sannan a kwance kana juya ta, domin tashoshi sun bambanta a yadda suke watsa siginarsu. Duba kuma sukurun da ke gindinta, yakan yi sako-sako ko ya yi tsatsa, ɗaure shi kaɗai ya sha dawo da rediyo hayyacinsa. A ƙananan rediyoyi da wayar hannu, wayar abin sa wa a kunne ita ce eriyar, sai a warware ta a miƙe. Wasu rediyoyin tebur kuma da wayar soket suke kamawa, kada a naɗe ta.

Idan akwai maɓallin sitiriyo da mono, koma mono. Sitiriyo yana buƙatar sigina mai ƙarfi sosai kafin ya yi tsab, mono kuwa yakan share rabin shuu nan take, kuma ga mai sauraron labarai babu asarar komai. Maɓallin da aka rubuta DX da LOCAL a bar shi a DX don tashar nesa.

Akwai kuma akasin rauni. Wanda ke zaune kusa da turken wata tasha zai ji ta tana fitowa a wurare da yawa tana danne sauran. Wannan sigina ce ta yi wa rediyon yawa. Rage tsawon eriyar, ko ka koma LOCAL.

Haɗa eriyar waje ta FM

Idan duk wannan bai wadatar ba, eriya mai hannu biyu ita ce mataki na gaba, kuma ana haɗa ta da hannu. Ana buƙatar wayar jan ƙarfe mai kauri ko siririn bututun alminiyom kimanin mita 1.7, kebul ɗin eriyar talabijin mai om 75 irin su RG-6, katako ko bututun roba da za a ɗaure ta a kai, ƙaramin mahaɗin waya mai sukuru biyu, da salatif ɗin wuta.

Fara da lissafi. Raba 143 da lambar tashar, ka sami tsawon eriyar gaba ɗaya a mita, sai ka raba biyu. Don tsakiyar FM, wato 98, tsawon mita 1.46 ne, kowane hannu santimita 73. Wannan zai yi wa dukkan tashoshi aiki daidai gwargwado. Idan tasha ɗaya ce damuwarka, yanka a kan lambarta: ta 88 hannu 81, ta 108 hannu 66.

Yanka hannuwan biyu, ka shimfiɗa su a layi ɗaya a kan katakon, ka bar tazarar santimita 1 zuwa 2 a tsakaninsu. Kada su taɓa juna. Fere bakin kebul ɗin kamar santimita 3. Za ka ga waya ɗaya a tsakiya, farar roba a kewaye da ita, sannan saƙar siraran wayoyi. Tattara saƙar gefe guda ka murɗe ta. Wayar tsakiya ta tafi hannu ɗaya, saƙar ta tafi ɗayan. A nan aka fi yin kuskure: silin saƙa guda ɗaya tak idan ya taɓa wayar tsakiya, sigina ta mutu gaba ɗaya, kuma da ƙyar ido ke ganinsa. Duba da kyau kafin ka rufe. Ɗaure sukurun tam, ko ka like da dalma idan jan ƙarfe ne. Naɗe mahaɗin da salatif sosai, ka sa bakin kebul ɗin ya kalli ƙasa, domin ruwan sama idan ya shiga cikin kebul yana bin saƙar yana cinye ta, bayan 'yan watanni kamu ya ragu ba a san dalili ba.

Kebul ɗin ya bar eriyar a miƙe, ya yi siffar T da ita na aƙalla rabin mita kafin ya lanƙwasa. Idan akwai zoben ferait, maƙala ɗaya a kebul ɗin dab da mahaɗin, yana hana bayan kebul ɗin kwaso hayaniyar gida.

Eriyar nan da gefenta take kamawa, ba da tsininta ba. Idan a kwance take, ka sa faɗinta ya fuskanci tashar, kada tsinin hannu ya nuna ta. Wannan raunin na tsini ma yana da amfani: idan wata tasha tana kutse, juya tsinin ya nuna mai kutsen. Idan a tsaye ka kafa ta, tana kamawa daga kowane ɓangare, kuma hannun da ke haɗe da wayar tsakiya shi ne a sama. Gwada duka biyun kafin ka ɗaure. Ɗaga ta sama da rufi, aƙalla mita 1 daga kwano, kuma idan sandar da ke ɗauke da ita ta ƙarfe ce, kada eriya mai tsaye ta jeru da ita kurkusa.

Don tasha mai nisa sosai, ƙara sanda ta uku a baya: ƙarfe ɗaya miƙaƙƙe da ya fi eriyar tsawo da kashi 5 cikin 100, wato kimanin santimita 153 ga eriyar 146, a tazarar santimita 55 zuwa 60. Ba a haɗa shi da kowace waya. Aikinsa mayar da sigina gaba da tare abin da ke zuwa ta baya.

A ɓangaren rediyo, idan akwai ramin eriya mai om 75, sa fulogin da ya dace. Idan sukuru biyu ne aka rubuta 300, ana buƙatar 'yar ƙaramar taransifomar da ke daidaita 75 da 300. Idan babu ko ɗaya, tura eriyar rediyon ta koma ciki, ka maƙala wayar tsakiya a kanta. A rediyo mai batir ana iya kai saƙar ga ƙarfen ɗebewa na gidan batir. A wanda ke haɗe da soket kai tsaye, bar saƙar haka nan, ka rufe ta da salatif.

Game da busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, ba ita ce abin fara saye ba. Tana ƙara sigina da hayaniya tare, kuma idan akwai tasha mai ƙarfi a kusa takan cika rediyon da tarkace. Amfaninta na gaskiya shi ne cike asarar dogon kebul, kuma a can sama kusa da eriya ake sa ta. Kebul ɗin da bai wuce mita 15 ba ba ya buƙatarta.

Matsakaicin zango: juya akwatin

Mutane da yawa suna ta fama da doguwar eriya a MW, alhali a yawancin rediyoyi ba ta da aiki a wannan zangon. Eriyar MW tana ciki: baƙar sandar ferait ce da aka naɗe da siririyar waya, kwance bisa tsawon akwatin. Ita ma da gefenta take kamawa. Don haka a ajiye rediyon a riƙa juya shi gaba ɗaya a hankali. Inda fuskarsa ko bayansa ya kalli tashar, nan murya ta fi ƙarfi. Inda gefen akwatin, wato tsinin sandar, ya nuna ta, sai ta kusan ɓacewa. Wurin ɓacewar siriri ne ƙwarai, wurin ƙarfin kuma mai faɗi, saboda haka dabarar ita ce a nuna wa hayaniya ko tashar da ke kutse gefen akwatin, ko da tashar da ake so ta ɗan ragu. Kada a ɗora rediyon a kan teburin ƙarfe.

A rediyo mai lambobi, duba tazarar tashoshi. A Afirka da Turai da Asiya tashoshin MW suna jere ne da tazarar kilohaz 9, daga 531 zuwa 1602, a nahiyar Amurka kuma 10. Rediyon da aka saita a 10 zai riƙa tsallake tashoshi ko ya tsaya a gefensu, murya ta fito a shaƙe. Maɓallin yakan ɓuya a gidan batir ko a cikin saituna.

Da rana wani sashe na sararin sama yana shanye siginar MW, sai wadda ke bin ƙasa kaɗai ke isowa. Bayan faɗuwar rana sashen yakan watse, sigina ta haura ta dawo daga sama kamar haske a madubi, tashoshin ɗaruruwan kilomita su bayyana. Hawa da saukar murya da dare daga nan yake, ba laifin rediyo ba ne.

Abin da ke ƙara wa MW ƙarfi da gaske shi ne eriyar zobe, kuma ba ta buƙatar batir ko haɗi da rediyon. Haɗa firam na katako mai kusurwa huɗu, kowane gefe santimita 50. Naɗa waya mai rufi sau 16 a kewayensa, da tazarar kusan milimita 5 tsakanin zagaye da zagaye. Za ta ci waya wajen mita 32. Ƙananan tsagi a kusurwoyin suna riƙe wayar kada ta zame. Haɗa bakin wayar biyu da kafasita mai murɗawa ta kimanin fikofarad 365, irin wadda maɓallin neman tasha ke juyawa, ana cirowa daga mataccen rediyo, ɗaya a faranti masu juyawa, ɗaya a masu tsayawa. Tsayar da firam ɗin gefensa yana nuna tashar. Sa rediyon a ciki ko dab da shi, yadda tsawon akwatin zai ratsa ta ramin firam ɗin. Kamo tashar a rediyo, sannan ka murɗa kafasitar sannu a hankali. A wani ɗan wuri murya za ta yi tsalle. Idan tashoshin sama, wajen 1500, ba sa samuwa, rage zagaye ɗaya. Idan na ƙasa ne, wajen 550, ƙara ɗaya. Duk lokacin da ka canza tasha sai ka sake murɗa kafasitar.

Gajeren zango: lokaci da waya

A gajeren zango, wato SW, rabin aikin sanin lokaci ne. Da dare da asuba ƙananan lambobin megahaz ke aiki: mita 49 wajen megahaz 6, mita 41 wajen 7.3, da mita 31 wajen 9.6. Da rana sai a haura mita 19 wajen 15.4, mita 16 wajen 17.7, ko mita 13 wajen 21.6. Mita 25 tana tsakani, ta fi kyau da safe da yamma. Manyan tashoshin duniya suna sauya mitocinsu sau biyu a shekara, a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, don haka tashar da ta ɓace rana ɗaya a waɗannan lokutan ƙaura ta yi. Yanayin rana ma yana juyawa a zagayen kusan shekara 11, yana taɓa manyan lambobin megahaz.

A nan ana zuge eriyar rediyon duka. Don ƙari, sami waya mai rufi mita 5 zuwa 10, ka fere bakinta ka maƙala a eriyar, ka fitar da sauran ta taga zuwa bishiya ko sanda, sama gwargwadon iko, nesa da wayoyin gida. Ƙarshenta kada ya taɓa ƙarfe ko ganye, a ɗaure shi da igiyar roba. Ƙaramin rediyo ba ya son waya mai tsawo fiye da haka. Idan ka ji tashoshi sun cakuɗe, ko tashar MW ta gari tana fitowa a SW, wayar ta yi yawa. Cire ta daga maƙalin, ka naɗa ta da rufinta sau 4 ko 5 a jikin eriyar ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Sigina za ta ratsa, amma a rage.

Duk eriyar waje, ta FM ko ta SW, kada ta bi ta sama ko ta ƙarƙashin wayar wutar lantarki, kuma a kafa ta inda ko ta faɗi ba za ta kai gare ta ba. Da hadari ya taso a cire ta daga rediyon, a fitar da bakin wayar waje. Ba sai aradu ta faɗo a kanta ba, cajin da ke taruwa a doguwar waya lokacin hadari ko busasshiyar iska ya isa ya ƙona taransistar farko ta rediyon, daga nan kamunsa ya ragu har abada sai an canza ta. Eriyar da za ta zauna dindindin a kan rufi, a haɗa sandarta da rodin da aka kafa a ƙasa ta waya mai kauri.

Idan laifin na akwatin ne

Cire fulogi daga soket ka fitar da batir kafin ka kwance ko sukuru ɗaya. Maɓallin murya ko na sauya zango da ke ƙaraf-ƙaraf, a fesa masa ɗan maganin wanke mahaɗan lantarki, a murɗa shi gaba da baya sau 20, a bar shi ya bushe. Man inji ko man girki ba su da wuri a nan, ƙura suke tarawa. Maɓallin sauya zango mai datti yakan kashe zango ɗaya ɗungurungum, a ɗauka babbar lalacewa ce.

Bi siririyar wayar da ta tashi daga gindin eriya zuwa allon rediyon, takan tsinke a wurin dalma. Idan FM da SW sun raunana amma MW lafiya, nan ne wurin fara dubawa. Idan kuwa MW ce kaɗai ta mutu, musamman bayan rediyon ya faɗi, duba sandar ferait. Wadda ta karye gida biyu ana iya manne ta da gam mai ƙarfi, a matse sosai kada a bar giɓi. Wayoyinta sirara ne kamar gashi, a taɓa su da hankali. Naɗin wayar da ke kanta kuma kada a zame shi daga inda aka like shi da kakin zuma.

Za ka ga wasu ƙananan gwangwanaye masu kusurwa huɗu, kowanne da sukuru mai launi a kansa, da wasu ƙananan sukurori a bayan kafasitar neman tasha. Ba sako-sako suka yi ba, kada ka ɗaure su. An saita su ne a masana'anta, na AM galibi a kan kilohaz 455, na FM a kan megahaz 10.7, kuma rabin juyi ya isa ya kurmantar da rediyon. Mayar da su daidai sai da na'urar gwaji. Wannan aikin, da canza kafasitocin da suka kumbura ko suka bushe, waɗanda su ne ke kawo ƙugi a tsohon rediyo mai soket, na mai gyara ne. Idan za ka kai masa, gaya masa zangon da ya mutu, da irin ƙarar da kake ji, da ko matsalar tana nan a batir ko a soket kaɗai take.